Asubar da aka sa ni hura bututu a hanyar Bordo

Assalamu alaikum 'yan uwa na Garwa da kewaye, da na Marwa da Gaundare, har da waɗanda suka tsallaka gadar Ngeli suna neman abinci a Njamena. Ya gida, ya zafi?

Makon jiya ɗan yayana ya turo mini saƙon murya. Bayan gaisuwa sai ya ce, "Baffa, don Allah a taimaka mini da 'yan kuɗi. Akwai wani da ya san hanya, cikin sati biyu zai fito mini da permi, wato lasisin tuƙi, ba sai na ɓata lokaci a makarantar tuƙi ba." Sau uku na saurari saƙon nan ina zaune cikin motar aiki. Har yau ban amsa masa ba, domin amsar ta fi ƙarfin saƙon murya. Ita ce nake rubutawa a nan, shi ya karanta, ku ma ku karanta.

Waɗanda muke waya da su sun san aikina a Faransa. Burodi da kayan fulawa nake rabawa a ƙauyukan da ke arewa da Bordo, ƙasar gonakin inabi, inda giya take kamar yadda auduga take a wajenmu: da ita ake ci, da ita ake aure, da ita aka san garin. Ƙarfe uku na dare nake fita. Ranar da zan ba ku labarinta Lahadi ce cikin watan Disamba, shekara biyu ke nan. Sanyi irin mai shiga ƙashi, hazo ya kwanta a kan gonaki har ba ka ganin abin da ya wuce tsawon mota uku. Na yi alwala tun daga gida don in lokaci ya yi in tsaya gefen hanya in yi asuba. Ina isowa wani shataletale a bakin gari sai na hango shuɗin fitila yana walƙiya. Jandarmomi ne sun kai shida, da riguna masu ƙyalli, sun jera 'yan robobin nan masu tsini a kan kwalta. Babu zaɓe. Duk motar da ta shigo shataletalen sai an karkatar da ita gefe.

Wadda ta zo tagata yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba. Ta gaishe ni, ta ce gwajin barasa suke yi, in kashe mota. Ta yage wata 'yar leda a gabana, ta ciro farin bututu kamar murfin biro, ta ɗaura shi a bakin wata na'ura da ba ta fi wayar hannu girma ba, ta miƙo ta saitin bakina.

Na ce mata, "Madam, ni Musulmi ne. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa kai giya bakina ba."

Ta ce, "To ai abin ya zo da sauƙi, Malam. Ja numfashi, ka hura har sai ka ji ta yi ƙara."

Wallahi raina ya ɓaci. Da furfura a gemuna, da alwala a jikina, na faɗi magana a kan addinina, yarinya ƙarama ta nuna mini maganar ba ta isa ba sai ƙarfe ya shaide ni. A unguwar Marware ta Garwa in mutum mai shekaruna ya ce bai sha ba, to bai sha ba, kuma wanda ya nemi ya shinshina bakinsa sai unguwa ta taru a kansa. Na ji kamar an tuɓe mini hula a tsakiyar kasuwa.

Sai kuma abin da na fi jin nauyin faɗa. Ban yi shawara da zuciyata ba, hannuna na dama ya tafi aljihun ƙirji, inda nake ajiye yuro ashirin na ko-ta-kwana. Shekara goma sha tara na yi a kan hanyar Garwa zuwa Gaundare, daga yaron mota har na zama direba, hannun nan ya saba: an tsayar da kai, ka ninke jaka guda cikin takardu, ka miƙa, ka wuce. Yarinyar ta dubi hannun, ta dubi fuskata, ta ce, "Hannu biyu a kan sitiyari, Malam." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Na mayar da hannu, na hura. Na'urar ta yi ƙara, ta juyo mini da ita in gani da idona: sifili. Ta cire bututun ta ba ni, ta ce nawa ne. Da rana da nake ba wani abokin aiki labari, ya riƙe baki ya ce da takardar kuɗin nan ta fito fili, laifin ba ma'aikacin hukuma cin hanci a dokarsu yana iya kai mutum ga ɗaurin shekara 10 da tarar yuro miliyan 1. Allah ne ya rufa mini asiri a asubar nan.

Ta karɓi takarduna ta tafi duba su, ni kuwa ina zaune ina huci. A wannan jiran na ga abin da ya sauya mini tunani.

Motar da ke gabana babba ce, baƙa, ƙirar Jamus, irin wadda in ta shigo shingen jandarma a gida tun daga nesa ake janye katakon ƙusa ana sara mata. Mai ita dattijo ne fari, kansa fari fat, da kwat mai tsada, matarsa a gefe da sarƙa a wuya. Daga gani daga walima suke. Shi ma ya hura. Sai na ga an buɗe masa ƙofa, an raka shi zuwa babbar motar jandarmomin, inda suke da wata na'urar da ta fi ta hannu auna daidai, wadda kotu take karɓar sakamakonta. Tagata a buɗe take, ina jin muryarsa. Ya ce shekara arba'in yana bin hanyar nan, gidansa bai kai kilomita biyu ba, kofi uku kawai ya sha, kuma ya ambaci wani babba da ya ce sun sani. Jandarman da ke rubutu bai ɗaga murya ba, bai kuma ɗaga kai ba. Aka karɓe permi ɗinsa nan take. Aka tambayi matar ko za ta iya tuƙawa, ita ma aka ba ta bututu, ita ma ba ta tsira ba. Lokacin da na tayar da motata, na bar su biyun a tsaye bakin gonar inabi cikin hazo, matar ta rungume hannuwanta saboda sanyi, shi kuma yana ta danna waya yana neman wanda zai zo ya ɗauke su.

Na yi tafiyar kilomita kusan goma kafin in gane fushina ya tafi. Bututun da aka sa a bakina irinsa aka sa a bakinsa. Ba a dubi motata ta burodi an raina ni ba, ba a dubi tasa an ji tsoro ba. Da yarinyar nan ta karɓi maganata don na ce ni Musulmi ne, da sai ta karɓi tasa don ya ce ya san wane. Na tsaya na yi sallar asuba a bayan wani shago, ina sallama sai ga hawaye, domin ƙanina ne ya faɗo mini a rai. Zan zo kan wannan.

Bari in faɗa muku yadda dokar take, tunda sai da na haddace ta kafin su ba ni takardarsu. A nan sai da na koma makarantar tuƙi kamar wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba, ni da na sauko gangaren Mbe da mota cike ba sau ɗari ba. Kuɗin da na kashe a kan haka ya isa a sayi fili a bayan gari a wajenmu, kuma har yau in na tuna sai in ji ciwo. Iyakar da suka sa ita ce giram 0.5 na barasa a cikin litar jini, abin da kofi biyu na mashaya kan kai mutum gare shi. Daga nan zuwa 0.8 tarar yuro 135 ce, kusan sefa 88,500, a kuma cire maki shida. Permi a nan da maki yake tafiya tun 1992: cikakke goma sha biyu ne, kowane laifi da abin da yake ci, ranar da suka ƙare takarda ta mutu. In aka kai 0.8 kuwa, an bar maganar tara, an shiga maganar kotu. A lokacin da aka tsayar da ni hukuncin yana kaiwa ɗaurin shekara 2 da tarar yuro 4,500, wato abin da ya kusa sefa miliyan 3, kuma daga baya sun ƙara masa nauyi. Jandarma yana riƙe permi na awa 72, kafin su cika prefe, wato wakilin gwamnati a yankin, ya sa hannu a dakatar da shi na watanni, tun ba a je gaban alƙali ba. Wanda ya ce shi ba zai hura ba, hukuncinsa daidai da na wanda aka kama a buge. Kuma ba a mayar maka da takarda don kawai wa'adi ya cika. Sai ka je gaban likitoci, an ɗebi jininka an duba ko har yanzu kana tare da kwalba.

Sabon direba kuwa, irina a wancan lokaci, mai jan harafin A manne a bayan mota, iyakarsa 0.2 ce tun 2015, wanda a aikace yake nufin ko kofi ɗaya babu. Kuma da maki shida kacal ake fara shi. Ku lissafa da kanku.

Wannan lissafin ne ya faɗa kan wani yaro namu. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi unguwarsu ba. Bahaushe ne ɗan gidan mutunci, muna sahu ɗaya da shi ranar Juma'a. Wata takwas da samun permi ɗinsa, yana rabon kaya kamar ni, ya je bikin wani abokin aikinsu. A hanyar dawowa aka ba shi bututu. Makinsa shida suka tafi gaba ɗaya, wasiƙa ta zo masa har gida cewa takardarsa ta mutu, sai bayan wata shida zai iya neman wata, daga farko. Mai gidan aikinsu ya ce ba shi da abin da zai yi da direban da ba ya tuƙi. Ya zo ɗakina da dare ya zauna a ƙasa, ya ce, "Kawu, me zan ce wa Inna in ƙarshen wata ya yi?" Na yi masa faɗa har muryata ta dushe, sannan na ji tausayinsa ya kama ni. Na ɗauke shi muka je ofis biyu ko za a samu wanda za a roƙa. Babu. Ko'ina ka je sai a ce ka shiga intanet ka cike takarda. Babu dattijon da za ka ɗauka ya je ya ba da haƙuri, babu wanda za ka durƙusa wa. A ranar na tsani ƙasar nan, na yi kewar gida, inda ko laifinka ya kai ina akwai fuskar da za ka kalla ka ce a yi maka rai. Wata biyar muna haɗa masa abin da zai aika gida don kada tsohuwa ta gane.

Amma wannan "a yi maka rai" ɗin ne aka yi wa wanda ya kashe ƙanina.

Shekara tara ke nan. Ranar Lahadi ce, kasuwar Pitowa, ya ɗauko buhun albasa a bayan moto zai kawo gida, la'asar sakaliya. Wata farar mota mai buɗaɗɗen baya ta bar hannunta ta zo ta same shi a nasa. Waɗanda suka fara isa wurin sun ce da aka buɗe ƙofar direban warin arge, barasar nan da ake dafawa a gida, shi ne ya fara fitowa kafin shi, ko tsayuwa ba ya iya yi. Ni ina Gaundare na sauke fasinja aka kira ni. Kafin in iso an kai shi asibiti, ya cika a kan benci ana jiran a kawo kuɗin allura da safar hannu. Na ga takalminsa ɗaya a hannun wani yaro da ya tsinto shi a bakin kwalta, da ɓawon albasa manne a jiki. Babu wanda ya auna numfashin direban nan, babu wanda ya ɗebi jininsa. Ya kwana biyu a hannu aka sake shi, saboda motar ta wani mai hali ce.

Ranar addu'ar uku sai ga manyan riguna sun shigo zaure, da buhun shinkafa, da katan ɗin sukari, da ambulan. Aka yi ta'aziyya, aka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, aka ce kwanansa ne ya ƙare. Baba, Allah ya ji ƙansa, ya sunkuyar da kai ya ce ya yafe duniya da lahira. Ban ga laifin Baba ba. Mutum ne mai tsoron Allah, kuma ya san ko ya ce bai yafe ba babu inda zai kai maganar. Amma bayan wata biyu da idona na ga direban nan a kan hanyar Ngong, cikin farar motar nan, an gyara mata gaba. Matar ƙanina tana da ciki wata shida a lokacin. Yaron yanzu yana aji uku, bai san uba ba sai a hoto.

Ni Musulmi ne, na yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi. Ajalin ƙanina ba zai wuce wannan la'asar ba ko da babu mota a duniya. Amma mun mayar da kalmar nan bargo, muna lulluɓe mai laifi da ita. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Mu kuwa mun saki raƙumin a kasuwa, in ya tattake yaro mu ce haka Allah ya so. Yafiyar uba haƙƙinsa ce. Hanya kuma ta jama'a ce, kuma babu wanda ya tambayi jama'a ko sun yarda a mayar wa mutumin nan da makulli.

Kuma don Allah mu daina cewa matsalar ta wasu ce. Na san abin da ake faɗa a majalisa: ai masu shan bilbil ne, giyar dawa, ai mutanen Yelwa ne, ai 'yan kudu ne da aka turo aiki. Na yi shekara goma sha tara a tasha, na san abin da ake zubawa a shayin wasu direbobi masu hula da carbi a madubi. Na san yadda ɗan kilando, mai haya da moto, yake haɗiyar tramol tun da safe don ya jure rana, har idonsa ya yi kamar gilashi, ya ɗauki mace da goyo ya shiga tsakanin manyan motoci biyu. Na san 'yar ledar nan ta wiski da ake cizge bakinta a bayan kanti a tsotse a jefar, wadda tun 2014 gwamnati ta ce ta hana, amma kuna ganin ledojinta a kwata har gobe. Mai shan kwalba a fili kowa ya san shi, ana kauce masa. Namu na ɓoye shi ne muke ba 'ya'yanmu ya kai makaranta. Shi ya sa na daina jin haushin yarinyar nan da ba ta karɓi shaidata ba. Da a ce a shingen fita Garwa za a ba kowa bututu, mai rawani da mai kwat da mai kakin soja, da mun sha mamakin waɗanda za a sauke.

Dokar hana tuƙi cikin maye ai muna da ita a rubuce. Shingaye kuwa mun fi Faransa yawa. Tsakanin Garwa da Marwa sau nawa ake tsayar da mota? A nan ina iya wata uku ban ga jandarma ba. Bambancin shi ne in na gan shi na san ba jaka guda ya zo nema ba. Kuma kafin mu zagi mai kaki, mu tuna wanda yake ninke kuɗin cikin takarda. Ni ne. Hannuna ya ba da shaida a kaina a ƙasar mutane.

Wani abin da ya burge ni, na gan shi ne a motar safa da na hau zuwa Paris. Direban ya zauna, ya ɗaura bel, sai ya jawo wata na'ura mai igiya daga gefen sitiyari ya hura, ya jira, sannan mota ta tashi. Na tambayi na kusa da ni. Ashe tun watan Satumban 2015 duk wata babbar motar ɗaukar fasinja mai dogon zango sai da wannan na'ura, in ta ji barasa inji ba zai tashi ba ko mai kamfanin ne ya zauna. Har masu ƙananan motoci da aka kama, wani lokaci akan ba su zaɓi su sa ta da kuɗinsu maimakon a raba su da tuƙi. Muna cikin tafiya kuma direban ya shiga wani wurin hutawa ya kashe mota. Doka ce, bayan awa huɗu da rabi na tuƙi sai ya huta minti 45, kuma akwai na'urar da take rubuta komai. Na zauna ina kallon ta taga ina tuna safiyar Gaundare in jirgin ƙasa ya iso daga Yawunde, yadda ake rububin fasinja, direban da ya kwana a hanya ya wanke fuska ya tauna goro ya juya. Na tuna kuma laifinmu mu fasinja. In direba yana tafiya a hankali mu ne masu cewa, "Direba taka mana, ko jaki muka hau?" In wata tsohuwa ta ce a rage gudu a gangaren Mbe, mota gaba ɗaya ta yi mata dariya a ce Hajiya tana tsoron mutuwa.

Kada ku ɗauka mutanen nan da hankalinsu aka haife su. Wani tsoho da nake kai wa burodi ya ce mini lokacin yarintarsa har a makaranta ana ba yara giya da abincin rana, kuma gaskiya ne, sai a 1956 aka hana ba 'yan ƙasa da shekara 14. A 1972 mutum wajen 18,000 suka mutu a hanyoyin Faransa cikin shekara guda. Yanzu, da motoci suka ninka, abin ya dawo dubu uku da 'yan ɗari. Sun sa iyakar barasa a 1970, suka sauke ta zuwa 0.5 a 1995, shugaba Shirak ya ɗauki maganar hanya a matsayin babban aikin mulkinsa a 2002, aka kafa na'urorin kama masu gudu a 2003. Duk da haka har yau kusan kashi ɗaya cikin uku na mutuwar hanya a nan akwai barasa a ciki. Kuma iyayen waɗanda aka kashe ba su yi shiru ba. Wani shahararren mai dafa abinci, Yannick Alléno, da wani bugagge ya kashe masa ɗa a Paris a 2022, yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata har aka sauya doka a watan Yulin 2025: wanda ya sha ya tuƙa ya kashe rai, an daina kiran abin da ya yi kisan kuskure, an ba shi sunansa na kansa, kisan hanya, da ɗaurin da ke kaiwa shekara 7, ko 10 in laifin ya haɗu da wani. Da na ji labarin nan sai na tuna Baba a zaure da kansa a sunkuye.

Ban ce ku yi sha'awar rayuwarsu ba. Ku zo tsakiyar Bordo daren Alhamis ku ga 'yan makaranta, maza da mata, ana jan wasu a ƙasa, tarago yana warin amai. Duk ƙarshen shekara a wurin aiki sai an miƙo mini kofi, in ce ba na sha, a ce ko ɗan kaɗan, kamar shekara shida ba ta isa su gane ba. Ƙasar da take kama mai sha ita ce take alfahari da abin shan. Abin da suka iya shi ne sun raba kwalba da makulli. In za su fita su huɗu, tun daga gida an san wanda ba zai sha ba, har suna suka ba shi a tallan gwamnati, Sam. Ni ma sun gano amfanina, in ana biki ni ake roƙo in mayar da mutane gida. Wani dare na sauke na ƙarshensu, na tsaya a bakin kogin Garon, ruwa jajir da laka kamar Binuwai a watan Agusta. Na ji ƙamshin gasasshen kifin bakin gada a hancina, da shayin da muke sha a ƙofar gida bayan isha'i, ana ta musu a kan ƙwallon Koton Sipor. Na daɗe a wurin kafin in koma mota.

To ɗana, ga amsarka. Ba zan aiko da kuɗin fito da permi ba, ko sefa biyar. Na yi magana da babanka jiya da dare. Zan tura kuɗin makarantar tuƙi a hannunsa, shi zai je ya biya da kansa ya karɓo rasit, ka zauna ka koyi alamomin hanya, ka yi jarabawa ko sau uku za ka faɗi, ni zan biya. Ranar da ka samu, kafin ka ɗauki fasinja ko ɗaya, ka ɗauki ɗan marigayi Baffanka ka kai shi kasuwar Pitowa ka dawo da shi, ka kuma nuna masa wurin, don ya isa ya sani.

Farin bututun nan yana nan cikin aljihun motata har yau. A kantin magani ana sayar da irin na hurawa sau ɗaya a jefar, kuɗinsa bai kai na kofin shayinsu ba. Na sayi kwali biyu. In Allah ya kai mu hutun babbar sallah zan taho da su, zan kai wa shugabannin tasharmu, waɗanda muka yi yaran mota tare da su, mu zauna mu ga ko za su yarda a fara da motocin asuba. Yaya, ka fara yi musu maganar tun yanzu. A gaida Inna, a ce mata ƙafar ta yi sauƙi, kuma yajin da ta aiko ya iso.